BAƘIN CIKIN DA YA ƘI WUCEWA: MAGANIN ZANTAWA GA TSOFAFFI

Babu gidan da mutuwa ba ta shiga ba, babu kuwa wanda zai kai ga furfura bai raka wani nasa kushewa ba. Kowa ya san yadda abin ya ke. Kwanakin farko mutum ba ya iya cin abinci, ba ya samun barci, in ya ji motsi a bakin ƙofa sai ya ɗaga kai, yana tsammani mamacin ne ya komo. Sannu a hankali nauyin ya riƙa raguwa, har wata rana a ji shi ya yi dariya, a gan shi ya koma gona ko kasuwa. Bai manta ba, ba kuwa zai manta ba har abada, amma ya sami yadda zai zauna da rashin. Haka mafi yawan mutane su ke.

Amma akwai waɗansu, galibinsu tsofaffi, waɗanda ba su kai wa ga wannan matsayi. A ce ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya shekara arba'in tare da uwargidansa, Allah Ya yi mata rasuwa. An yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, jama'a sun watse. Shekara ta kewayo, ta biyu ma ta kewayo, shi kuwa yana nan kamar jiya aka yi rasuwar. Ya kulle ɗakinta, bai yarda kowa ya taɓa ko tabarma ba. Ya daina bin hanyar da ta bi ta gaban asibitin da ta cika. Ya bar zaman majalisa a ƙofar gida, ko jikokinsa suka zo gaishe shi da ƙyar ya ke ɗaga ido. 'Ya'yansa su ce tsufa ne, maƙwabta su ce ya kasa haƙuri.

Abin da na ke so in bayyana wa masu karatu shi ne, yanzu likitocin duniya sun yarda wannan hali ciwo ne mai zaman kansa, da sunansa da alamominsa. An kuma sami maganinsa, an gwada shi a kan tsofaffi an ga amfaninsa. Maganin nan kuwa babu allura babu ƙwaya cikinsa, zantawa ce wadda aka tsara mataki mataki.

RAUNI DA GYAMBO

Wanda ya taɓa zama kusa da ɗakin shan magani ya san bambancin rauni da gyambo. Rauni in an ɗaure shi, jiki da kansa ya ke haɗe shi, sai dai tabo ya saura. Gyambo kuwa rauni ne wanda wani abu ya shiga ya hana shi warkewa, ko ya shekara goma yana nan yana ruwa, sai an wanke shi an fid da abin da ya tsaya a ciki. Baƙin cikin rashi na yau da kullum rauni ne, ba ya bukatar likita. Wanda mu ke magana a kansa shi ne gyambon.

Kada a ɗauka abin a zuci kaɗai ya ke tsayawa. Cikin 1969 wani likita na Ingila, Colin Murray Parkes, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan maza 4,486, masu shekara 55 zuwa sama, waɗanda matansu suka rasu cikin 1957. An bi labarinsu shekara tara. Aka tarar 213 daga cikinsu sun mutu cikin wata shida na farko bayan rasuwar matan, watau adadin ya zarce na tsararrakinsu masu aure da kashi 40 cikin 100, kuma inda ƙarin ya fi yawa shi ne wajen ciwon zuciya da na jijiyoyin jini. Bayan wannan lokaci sai adadin ya sauko a hankali har ya daidaita da na sauran. Wannan ya nuna rashin abokin zama yana taɓa jikin tsoho ƙwarai, ko da baƙin cikin nasa mai wucewa ne, balle wanda ya ƙi wucewa.

Mutum nawa ne ciwon ya ke kamawa? Cikin 2017 waɗansu masana na Jami'ar Aarhus ta ƙasar Danmak suka tattara bincike 14 da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka auna, suka ga kimanin mutum ɗaya cikin goma na manyan da aka yi wa rasuwa ta ajali, ba ta haɗari ko kisa ba, shi ne ke faɗawa cikin wannan hali. Sun kuma lura inda shekarun mutanen suka fi yawa, nan adadin ya fi hawa. Dalili a fili ya ke. Tsoho ya kan rasa wanda ya yi rabin ƙarni tare da shi, wanda ya san shi tun yana saurayi. Tsararrakinsa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kafin wannan makoki ya huce wani ya zo. Ya ajiye aiki, 'ya'ya sun yi nisa wajen neman abinci, ƙafa ta yi nauyi, kunne ya yi rauni. Abubuwan da su kan janye hankalin yaro su komo da shi cikin jama'a duk sun ƙaranta gare shi.

YADDA A KE GANE SHI

 Cikin Mayu 2019 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da bugu na 11 na kundinta na jerin cututtuka, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2022, aka shigar da baƙin cikin rashi mai daɗewa a ciki. Cikin Maris 2022 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin nata littafin. Sun ɗan saɓa wajen lokaci. Hukumar Lafiya ta ce sai an wuce wata shida a ƙalla bayan rasuwar, likitocin Amurka suka ce ga babba sai an cika wata goma sha biyu.

Tushen ciwon shi ne begen mamacin mai tsanani, ko kuwa tunaninsa ya cika zuciya, kusan kullum, ba hutu. Sa'an nan likitocin Amurka suka lissafa alamomi takwas, suka ce lalle a sami uku a ƙalla. Mutum ya ji kamar wani sashe nasa ya mutu. Ya kasa gaskata rasuwar. Ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa cewa mamacin ya tafi. Zafin rai mai tsanani, ko fushi ko ɗaci. Ya kasa komawa cikin abokai da al'amuran da ya saba. Zuciyarsa ta dasƙare, ba ya jin daɗi ba ya jin kome. Ya ga rayuwa ba ta da sauran ma'ana. Da kuma kaɗaici mai tsanani ko yana tsakiyar jama'a. Bayan haka tilas a ga abin ya hana shi tafiyad da zamansa.

Akwai wani sharaɗi wanda ya shafe mu. Littattafan biyu duka sun ce ba a kiran abin ciwo sai ya zarce abin da addinin mutum da al'adar mutanensa suka saba da shi. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta ado ba ta fita sai da larura, ba wanda zai ce mata marar lafiya, domin kan hanya ta ke. Abin dubawa shi ne wadda ta fita takaba da shekara biyu, amma zamanta bai sake ba ko kaɗan. Namiji kuwa ba shi da takaba. Da an tashi daga zaman makoki sai a ɗauka ya komo daidai, shi kuma kunya ta hana shi nuna hawaye, saboda haka nasa ya fi wuyar ganewa.

Ya kamata kuma a rarrabe shi da ciwon damuwa, watau mutuwar jiki da zuciya wadda ke sa mutum ya ga kome baƙi ƙirin, ya raina kansa, kome ya fita masa a rai. Mai baƙin ciki mai daɗewa hankalinsa a kan mutum guda ya ke. Da za a komo masa da wannan mutum, da ya warke nan take. Ciwon biyu su kan haɗu a jikin mutum ɗaya, amma kowanne da maganinsa, kamar yadda za mu gani.

Ba duka masana suka yi murna da shigar da shi cikin littafin cututtuka ba. Waɗansu sun ce ana so a mai da ƙauna cuta, a yanka wa kuka wa'adi. Maganarsu abar dubawa ce, shi ya sa aka kafa sharuɗɗan nan masu tsauri. Amma wanda ya ga tsohuwa ta shekara biyar a ƙuryar ɗaki ya san barinta haka ba girmama ƙaunarta ba ne.

ABIN DA KE TSAYAWA CIKIN GYAMBON

Cikin 1999 waɗansu masana biyu na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka bayyana cewa mai makoki aiki biyu ya ke yi. Na ɗaya shi ne fuskantar rashin, da kuka da tunawa. Na biyu shi ne gyara zaman da ya saura: wa zai dafa, wa zai riƙe kuɗin cefane, da wa za a yi hira da dare. Lafiyayyen makoki shi ne mutum ya riƙa kai da komo tsakanin biyun, ya yi kuka ya huta, ya huta ya yi kuka. Ciwo yana samuwa ne sa'ad da wannan kai da komo ya tsaya.

Abu biyu suka fi tsai da shi. Na farko gudu. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya ruga. Haka mai wannan ciwo ya ke gudun ɗaki, da hoto, da hanya, da ambaton ranar rasuwa. Gudun yana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, amma yana hana zuciya ta koyi cewa abin ya auku, ya kuwa tabbata. Na biyu shi ne da na sani. Da na kai ta asibiti tun ran Talata, da ban yi tafiyar nan ba, da na saurare shi sa'ad da ya ce ƙirjinsa na ciwo. Mutum ya kwana yana sake shari'ar da aka riga aka yanke, kullum kuwa shi ne mai laifi. Waɗansu har su kan ji in sun yi dariya sun ci amanar mamacin.

ZAMA GOMA SHA SHIDA

Wata likitar ƙwaƙwalwa ta Amurka, Katherine Shear, ita ce ta tsara maganin da ya fi shahara, tun tana Jami'ar Pittsburgh, kafin ta koma Jami'ar Kolombiya a birnin New York. Zama 16 ne, galibi sau ɗaya a mako, tsakanin mai ciwon da wanda aka horar ga aikin.

Zama uku na farko na share fage ne. Mai magani ya saurari labarin mamacin da irin zaman da suka yi, ya bayyana wa mai ciwon yadda baƙin ciki ke aiki da abin da ke tsai da shi. A ba shi aikin rubuta ɗan littafi kullum: yaushe baƙin cikin ya fi tsanani yau, yaushe ya fi sauƙi, me ya ke yi a lokacin. Da yawa a nan su ke fara ganin ashe abin yana hawa yana sauka, ba a tsaye ya ke wuri ɗaya ba. A kuma tambaye shi, in da nauyin nan zai sauka, me ka ke so ka yi da sauran kwanakinka? Ko da amsar ƙanƙanuwa ce, kamar kiwon tumaki biyu ko koya wa jika karatu, sai a kama ta a riƙa bi mako mako. A zama na uku a kan gayyato wani na kusa, ɗa ko ƙane ko aboki, domin ya ji bayanin, ya san irin taimakon da zai yi.

Daga zama na huɗu a ke shiga wankin gyambon, nan ne kuwa zafin ya ke. Mai ciwon ya rufe ido, ya ba da labarin lokacin da ya sami labarin rasuwar, ko ya gan ta da idonsa, kamar yanzu abin ke aukuwa, har kimanin minti goma sha biyar. Ana ɗaukar muryarsa da na'ura. In ya gama su tattauna abin da ya lura da shi, sa'an nan a taimake shi ya ajiye labarin, ya shirya wani abu mai daɗi da zai yi bayan ya fita. A gida ya riƙa sauraron muryar tasa. Mako mai zuwa a sake. Da maimaitawa sai labarin da ba ya iya kusanta ya zama labarin da ya ke iya faɗi, kuma sau da yawa cikin faɗin ne ya ke tuna abin da da na sani ta ɓoye masa, misali cewa ya kwana bakwai a gefen gadonta bai runtsa ba.

Tare da wannan a ke jera wurare da abubuwan da ya ke gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya riƙa tunkararsu ɗaya ɗaya. Yau ya tsaya bakin ƙofar ɗakin, jibi ya shiga ya yi minti biyar, wani mako ya buɗe akwati. Sannu ba ta hana zuwa. Ana kuma sa shi ya kawo hotuna, ya tuna halayen mamacin, masu daɗi da waɗanda ba su da daɗi, domin ya komo mutum sosai a zuciyarsa. A zama na goma su tsaya su duba inda aka kai. Wajen ƙarshe a kan sa shi ya ƙaddara mamacin yana gabansa, ya faɗi abin da bai sami faɗa ba, ya kuma amsa wa kansa da abin da ya san mamacin zai ce. Kada mai karatu ya ɗauka kiran kurwa ne ko wani aikin bori. Ba wanda ya ce mamacin yana ji. Hanya ce ta fid da maganar da ta maƙale a maƙogwaro, kamar neman gafara ko ban kwana.

AN GWADA AN GANI

Ba a karɓi maganin da ka ba, sai da aka auna shi. Yadda a ke gwajin shi ne a raba masu ciwon kashi kashi ta hanyar ƙuri'a, kowane kashi a yi masa magani dabam, sa'an nan waɗanda ba su san wane magani aka yi wa wa ba su duba wanda ya sami sauƙi.

Gwaji na farko an buga shi cikin 2005, a kan mutum 95 a Pittsburgh. An gwama sabon maganin da wata hanyar zantawa wadda aka riga aka tabbatar tana maganin ciwon damuwa. Kashi 51 cikin 100 suka sami sauƙi da sabon, kashi 28 da tsohuwar hanyar.

Na biyu, wanda ya fi shafar maganarmu, an buga shi cikin 2014. An yi shi a New York a kan mutum 151 masu shekara 50 zuwa sama, matsakaicin shekarunsu 66. Da ma akwai masu tsoron cewa tsoho ba zai jure wa tuna ranar rasuwa ba. Sai ga shi kashi 70 da ɗoriya cikin 100 na waɗanda aka yi wa sabon maganin sun sami sauƙi, na ɗaya hanyar kuwa kashi 32. Watau ya ninka ta har da ƙari.

Na uku, cikin 2016, ya haɗa mutum 395 a birane huɗu, Boston da New York da Pittsburgh da San Diego, domin a ga ko ƙwayar maganin damuwa mai suna citalopram za ta yi aikin. Waɗanda aka yi wa zantawar tare da ƙwayar da ba magani cikinta, kashi 82 da rabi suka sami sauƙi. Waɗanda aka ba irin ƙwayar nan kaɗai, kusan kashi 55. Ƙara citalopram a kan zantawar bai ƙara rage baƙin cikin ba, ko da ya ke ya rage alamomin damuwa ga masu ita. Wannan ya ƙarfafa cewa ciwon biyu dabam su ke.

Gaskiya ita ce ba kowa ya warke ba, cikin tsofaffin nan kusan uku cikin goma ba su sami sauƙin da a ke nema ba. Mutanen da aka gwada kuma mazauna biranen Amurka ne, mafi yawansu mata. Duk da haka masana a Holan da Ostireliya sun gwada hanyoyi masu kama da wannan, su ma suka ga fuskantar labarin rasuwar yana ƙara amfanin magani.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Malamin makaranta da akawu su ne a kan kai wa takarda a karanta, su ne kuma a kan tambaya shawara in abu ya rikice a gida. To, ga abin da ya kamata mu riƙe. Al'adarmu ta ta'aziyya tana rufe mai makoki da jama'a cikin kwanakin farko, wannan kuwa alheri ne babba. Amma ciwon nan ba ya bayyana sai bayan an watse. Saboda haka ziyarar wata na takwas da ta cikar shekara ta fi ta ranar uku tsada ga tsoho.

In mun je, kada mu tare bakinsa da "a yi haƙuri" da zarar ya ambaci mamacin. Haƙuri abu ne mai kyau, amma mai ba da labarin matarsa yana hawaye bai fita daga haƙuri ba. Mu bar shi ya faɗi, ko ya faɗa sau goma. Kada mu kwashe kayan mamacin a ɓoye don mu huce masa, kada kuma mu taya shi kulle ɗakin har abada. Mu ba shi wani ɗan aiki da zai sa a bukace shi. Amma sashen nan na rufe ido da maimaita labarin rasuwa aikin wanda aka horar ne, kada wani ya ce zai gwada shi a zaure.

In shekara ta wuce alamomin nan suna nan, a kai shi ga likita, a faɗi abin da sunansa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, zuwa can kuwa ba ya nufin mutum ya haukace. In kuwa ya fara cewa gara ya bi mamacin, ko ya ƙi ci, ko ya ƙi shan maganin da likita ya ɗora shi a kai, to, kada a jira cikar shekara, a tafi da shi a ranar. Kada kuma a tura shi shi kaɗai. Tun cikin 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marar lafiya ke zama cikin ƙauye tare da wani ɗan'uwansa yana karɓar magani, domin ya gane dangi sashe ne na maganin.

Iyayen nan su suka yi jiyyarmu muna ƙanana, ba su gaji ba. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon lura da waɗanda suka bari.